Taura Biyu A Hutu Guda: Ɗakin Bincike Ko Jarrabawar Shiga Makarantar Likita A Amurka?

Kwanakin baya wani abokina, mai harhaɗa magunguna a Kano, ya same ni ransa a ɓace. 'Yarsa ta fari, wadda aka haifa a Amurka lokacin da yake ƙarin karatu a can, ta kammala shekara ta biyu a wata jami'a ta ƙasar, kuma burinta da na iyayenta shi ne ta zama likita. Ta yi sa'a an ɗauke ta aikin bincike na mako goma a ɗakin gwaje-gwajen wani farfesa a dogon hutun tsakiyar shekara. Sai dai tun kafin wannan dama ta zo ta riga ta yi rajistar jarrabawar shiga makarantar likita, wadda za ta rubuta a ƙarshen watan Agusta. Da ta buga wa mahaifinta waya ta ce, "Baba, ina ganin ba zan iya haɗa biyun yadda ya kamata ba, ina son in ɗaga jarrabawar," sai ya ɗauki maganar a matsayin ragwanci. Ya ce mata shi a zamaninsa da fitilar ƙwai ya yi karatu, kuma bai taɓa ɗaga jarrabawa ba.

Na ce masa yarinyar ta fi shi gaskiya. Dalilan da na ba shi su ne nake son in shimfiɗa a nan, domin na san akwai iyaye da yawa a cikin masu karanta wannan shafi da ke da 'ya'ya ko ƙanne a jami'o'in Amurka da Kanada, kuma galibinmu da ma'aunin gida muke auna abin da ke faruwa a can.

A Nijeriya, yaro yana gama sakandare ya rubuta jarrabawar JAMB, idan ya samu gurbi ya shiga karatun likita kai tsaye, ya yi shekara shida ya fito. A Amurka ba haka abin yake ba. Sai ɗalibi ya fara yin digiri na farko na shekara huɗu, a kowane fanni ya ga dama, muddin ya ɗauki darussan kimiyya da ake buƙata, sannan ya nemi shiga makarantar likita inda zai ƙara wasu shekaru huɗu. Wannan tsari ya kafu ne bayan rahoton da Abraham Flexner ya fitar a 1910, wanda ya fallasa lalacewar makarantun likita na wancan zamani, ya kuma nemi a gina karatun likita a kan kimiyya da ɗakin gwaje-gwaje kamar yadda ake yi a Jami'ar Johns Hopkins. Daga wannan tushe guda ne abubuwan biyu da muke magana a kansu suka tsiro: jarrabawar tantance masu neman shiga, wadda asalinta ke komawa 1928, da kuma darajar da ake ba ɗalibin da ya taɓa sa hannu a bincike.

Jarrabawar, wadda ake kira MCAT, Ƙungiyar Kwalejojin Likita ta Amurka, wato AAMC, ce ke shirya ta. Tun daga 2015 tana da ɓangarori huɗu da tambayoyi 230. Akwai ɓangaren kemistiri da fizis, akwai na bayoloji da sinadaran jikin mai rai, akwai na ilimin halayyar ɗan Adam da zamantakewa, kowanne da tambayoyi 59 a cikin minti 95. Na huɗun, mai tambayoyi 53 a cikin minti 90, babu kimiyya a cikinsa ko kaɗan. Nassoshi ne daga falsafa da tarihi da adabi da makamantansu, a karanta a fahimta a yi hukunci. Idan aka haɗa da ɗan hutun da ake bayarwa tsakani, ɗalibi zai shafe kimanin sa'a bakwai da rabi a zauren jarrabawa. Makin yana farawa daga 472 ya tsaya a 528, kuma matsakaicin makin waɗanda ke samun gurbi a 'yan shekarun nan yana wajen 511 zuwa 512. Fiye da mutum dubu 50 ke nema a kowace shekara, kuma waɗanda ake ɗauka ba su kai rabi ba.

Abin da ya kamata iyaye su riƙe shi ne, wannan maki ba ya gogewa. An yarda mutum ya rubuta sau uku a shekara guda, sau huɗu a shekara biyu a jere, sau bakwai a tsawon rayuwarsa, amma duk makin da aka taɓa ba shi yana nan a rubuce, makarantu suna ganinsa. Wanda ya shiga bai shirya ba ya samu 498, ko da ya dawo baya ya samu 512, kwamitin ɗaukar ɗalibai zai ga duka biyun. Saboda haka maganar da muka saba yi wa yara a gida, cewa "je ka gwada, in ba ta yi ba ka sake," shawara ce mai tsada a can.

To, shi kuma aikin binciken fa? Shi ma ba wasa ba ne. Hukumar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka, NSF, tana ɗaukar nauyin wani shiri mai suna REU tun 1987, inda ake tura ɗaliban digiri na farko ɗakunan bincike na kimanin mako goma tare da alawus. Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, NIH, da ke Bethesda a jihar Maryland sun daɗe da irin nasu shirin, haka ma manyan jami'o'i da asibitocin koyarwa. Ana shiga ne ta hanyar gasa, kuma samu bana ba ya nufin za a samu baɗi. A 2025 NIH ta soke shirinta na wannan shekarar, wasu wurare da dama na REU su ma suka rufe saboda matsalar kuɗi. Aikin na cikakken lokaci ne, sa'a 40 a mako a takarda, amma wanda ya taɓa zama a ɗakin gwaje-gwaje ya san ƙwayoyin halittar da ake reno a kwalba ba su san Asabar da Lahadi ba, kuma gwajin da aka fara da azahar yana iya riƙe mutum har bayan isha. A ƙarshe kuma ana sa ran ɗalibin ya gabatar da sakamakon aikinsa a gaban malamai.

Ribar da ke cikin wannan aiki ba ta tsaya ga layi ɗaya a takardar neman gurbi ba. Babbar ribar ita ce takardar shaida da farfesan zai rubuta. Makarantun likita suna neman irin waɗannan takardu daga mutanen da suka ga ɗalibi yana aiki, kuma farfesan da ya yi mako goma yana kallon yarinya tana zuwa a makare, tana gyangyaɗi a kan na'ura, tana ɓoye littafin jarrabawa a ƙarƙashin tebur, ba zai rubuta ƙarya ba. Ba zai zage ta ba, amma zai rubuta shaida mai sanyi, kuma masu karanta waɗannan takardu sun ƙware wajen gane shaidar da aka rubuta don sauke nauyi kawai.

Tarihin likitanci ya nuna abin da hutu guda zai iya haifarwa idan aka ba shi haƙƙinsa. A watan Mayun 1921, wani matashi mai suna Charles Best, wanda bai daɗe da gama digirinsa na farko ba a Jami'ar Toronto da ke Kanada, ya fara aikin hutu a matsayin mataimakin Dokta Frederick Banting. Sun shafe watannin zafi suna gwaji a kan karnuka, kuma daga wannan aiki ne aka samo insulin, maganin da masu ciwon sukari ke rayuwa da shi har yau. Da aka ba Banting da Farfesa John Macleod kyautar Nobel a 1923, Banting ya raba nasa kason da Best. Ba ina cewa kowane ɗalibi zai gano insulin ba ne. Galibin aikin hutu wanke kwalabe ne da maimaita gwajin da ya ƙi yin daidai. Abin lura shi ne, dama irin wannan ba ta amfanar wanda jikinsa ke ɗakin bincike hankalinsa yana wani wuri.

Yanzu sai mu yi lissafi, domin a nan ne na ci ƙarfin abokina. Mako yana da sa'a 168. A cire 56 na barci, a cire 45 na ɗakin bincike, a cire kimanin 30 na zirga-zirga da girki da wanki da ibada da sauran hidimomin rayuwa, tunda a can babu mai dafa wa yaro abinci ko wanke masa kaya. Abin da ya rage bai kai sa'a 40 ba, kuma ba dukansa ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke karɓar karatu ba. Ɗalibi mai himma zai iya yin sa'a biyu a kowace ranar aiki, sa'a takwas ranar Asabar, huɗu ranar Lahadi. Jimla 22 ke nan a mako, wato sa'a 220 a mako goma, idan bai yi mura ba, idan gwaji bai lalace ba, idan makon gabatar da sakamako bai cinye komai ba. Masu ba ɗalibai shawara a can kuwa sukan ambaci sa'a 300 ko fiye a matsayin abin da mai neman maki mai kyau ke buƙata. Giɓin da ke tsakanin 220 da 300 shi ne ainihin matsalar, kuma faɗa ta waya ba ya cike shi.

Ɗalibin da aka matsa wa lamba yakan cike wannan giɓi ta ɗaya daga hanyoyi biyu, dukansu marasa kyau. Ko dai ya sata daga lokacin aiki, wanda cin amana ne tunda ana biyansa, kuma ga illar da muka faɗa a kan takardar shaida. Ko kuma ya sata daga barci. Wannan ta biyun ta fi yaudara, domin a idon iyaye tana kama da ƙwazo. Amma bincike ya daɗe da tabbatar da cewa a lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana. Mai barcin sa'a huɗu yana zuba ruwa ne a kwando, sannan washegari ya je ya riƙe kayan gwaji masu tsada da hannu mai rawa.

Shawarata ta farko ita ce, ɗalibi ya yarda tun kafin hutu ya fara cewa taura biyu ba ta taunuwa, ya zaɓi wanda zai zama gaba, ɗayan ya biyo baya. Zaɓin ya danganta da inda ya dosa. Wanda ke son shirin haɗa digirin likita da na digirgir a bincike, irin wanda NIH ke tallafa wa tun 1964, wanda ke ɗaukar kimanin shekara takwas, ana biyan kuɗin makaranta ana kuma ba da alawus, to bincike ne jarinsa, ba zai yi wasa da shi ba. Wanda kuwa ke son zama likitan asibiti kawai, ya sani cewa makarantu da yawa sun fi damuwa da makinsa na jami'a da na jarrabawa da kuma lokacin da ya shafe tare da marasa lafiya. Irin wannan ɗalibi, idan bana ne zai nemi gurbi kuma bai rubuta jarrabawa ba, babu laifi ya gode wa farfesa ya ce ba zai samu zuwa ba, ko ya nemi aikin rabin lokaci a jami'arsa.

Shawara ta biyu ita ce a duba kalanda, domin a nan maganin yake. Ana rubuta wannan jarrabawa a ranaku da dama tsakanin Janairu da Satumba, kuma sakamako yana fitowa bayan kimanin wata guda. Ana fara karɓar takardun neman gurbi a ƙarshen Mayu, a fara tura su ga makarantu a ƙarshen Yuni, kuma makarantu da yawa suna duba su ne bi da bi, suna cike gurabensu tun kafin wa'adi ya ƙare. Ke nan wanda ya gama shekara ta uku ya rubuta a ƙarshen Agusta don neman gurbi a shekarar, makinsa zai iso a ƙarshen Satumba, lokacin da wasu tuni an fara kiransu ganawa. Ya yi gaggawa kuma ya makara. Ita kuwa 'yar abokina da ta gama shekara ta biyu, sai Mayu mai zuwa za ta nema. Babu abin da Agusta zai ba ta wanda Janairu ko Maris ba zai ba ta ba. Hasali ma ɗagawar riba ce, domin za ta samu damar ɗaukar darasin sinadaran jikin mai rai a zango mai zuwa, darasin da ke da kaso mai tsoka a jarrabawar, ga kuma hutun Disamba da za ta keɓe wa bita. Abin kiyayewa kawai shi ne, yawancin makarantu ba sa karɓar makin da ya wuce shekara biyu zuwa uku, don haka shi ma yin sa da wuri fiye da kima yana da nasa haɗarin.

Shawara ta uku ta shafi wanda ya zama dole ya haɗa biyun. Irin wannan ya fara da rubuta jarrabawar gwaji cikakkiya tun kafin aikin ya fara, don ya san inda yake tsaye. Ya je wurin farfesa a makon farko ya faɗa masa gaskiya, cewa yana da jarrabawa a rana kaza, yana roƙon a bar masa Asabar. Galibin malaman nan sun saba da irin wannan roƙo, kuma sun fi son a gaya musu da su gano da kansu. Ya sa karatunsa da sassafe kafin ya tafi aiki, lokacin da kai ke sabo, ya bar dare ga bita mai sauƙi. Ya bar wa kansa aƙalla mako uku ko huɗu tsakanin ranar gama aiki da ranar jarrabawa. Sannan ya gindaya wa kansa sharaɗi tun da wuri: idan saura wata guda makin gwajinsa bai kusanci abin da yake nema ba, zai ɗaga. Ana iya sauya rana da ƙarin kuɗi, kuma kuɗin yana ƙaruwa yayin da ranar ke matsowa, amma komai yawansa bai kai tsadar mummunan maki ba.

Yadda ake karatun ma yana da muhimmanci ga mai ƙarancin lokaci. Tun 1885 masanin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa bitar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi zama a kai fiye da wadda aka cusa a zama ɗaya. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa ɗaliban da suka rufe littafi suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi waɗanda suka yi ta maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Wanda ya taɓa yin hadda ba zai yi mamakin wannan ba, domin ya san sai an kife allo ake gane abin da ya zauna. Ma'anar wannan ga ɗalibinmu ita ce, sa'a biyu na amsa tambayoyi da bin diddigin kurakurai sun fi sa'a biyar na kallon littafi da ido mai nauyi. Akwai kuma wata riba da ba a cika faɗa ba: tambayoyin kimiyya na wannan jarrabawa suna zuwa ne a cikin bayanin gwaje-gwaje da jadawalai, don haka ɗalibin da ke karanta maƙalun bincike a wurin aiki, yana tambayar dalilin kowane mataki na gwaji, yana shirin jarrabawa ne ta wata fuskar. Sai dai wannan ba zai koya masa fizis ko ilimin zamantakewa ba, kada ya ruɗi kansa.

Wajibi ne in ja hankalin iyayen da 'ya'yansu suka tafi da bizar karatu, domin lissafinsu daban ne. Shirye-shiryen da gwamnatin tarayyar Amurka ke biya, irin su REU, na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Haka kuma makarantun likita da ke ɗaukar baƙi 'yan kaɗan ne, guraben ba su da yawa, kuma wasu sukan nemi a nuna musu kuɗin makaranta na shekaru tun kafin a fara. Ga irin wannan ɗalibi, maki mai rauni ya fi yin illa, sannan alaƙa mai kyau da farfesa ta fi daraja, domin ita ce za ta buɗe masa ƙofar digiri na gaba a fannin bincike idan ta likitanci ba ta buɗu ba.

Na san abin da ke cin ran abokina, kuma ba na raina shi. Dala yake saye da naira, kowane wata na jinkiri yana ji a aljihunsa, ga dangi na tambayar yaushe "likitarmu" za ta gama. Amma ya kamata mu sani cewa a can jinkirin shekara guda ba abin kunya ba ne. Matsakaicin shekarun masu shiga makarantar likita a Amurka yana wajen 24, kuma da yawa daga cikinsu sun yi shekara ɗaya ko fiye suna aiki ko bincike bayan digiri na farko kafin su shiga. Balle ma ita wannan yarinya ba shekara ta nema ba, wata biyar ta nema, kuma ba za su taɓa ranar da za ta nemi gurbi ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Wanda ya rubuta bai shirya ba, shi ne zai sake biyan kuɗin rajista, ya sake watanni yana karatu, wataƙila ma ya rasa shekarar gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi maki. Yarinyar da ta zauna ta ƙirga sa'o'inta, ta gane iyakar ƙarfinta, ta ƙi karɓar alawus a kan aikin da ba za ta yi da zuciya ɗaya ba, sannan ta iya fuskantar mahaifinta da magana cikin ladabi, ta nuna halin da ake nema ga likita. Likitan da ba ya iya cewa "wannan ya fi ƙarfina a yau, a kira wani" shi ne ke jefa marar lafiya a haɗari.

Da muka gama lissafin a bayan wata takardar magani, abokina ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a daren zai kira ta. Na roƙe shi abu ɗaya, cewa kada ya fara da tambayar sa'a nawa take karatu, ya tambaye ta wace rana ta zaɓa da kuma dalilinta, ya saurara har ta gama. Wannan roƙon nake miƙawa ga sauran iyaye. Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya kuma ba mu haƙurin sauraronsu.